Kafa wa mataimakin rubuta kod shinge: tambayoyin da masu manhaja a Yamai suka fi yi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa a bakin masu rubuta manhaja a Yamai, daga ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni masu aikin ƙarshen karatu har zuwa ƙananan kamfanoni masu mutum biyu ko uku, tun lokacin da mataimaka masu ƙirƙirarriyar basira (AI) irin su GitHub Copilot, Cursor da Claude Code suka shigo cikin aikin yau da kullum. An fara da na tushe, sannan aka gangara zuwa masu zurfi.

Mene ne shingen nan da ake ta faɗa, kuma me ya sa sai yanzu ake maganarsa?

Lokacin da GitHub Copilot ya fito a 2021, aikinsa bai wuce ya ƙarasa maka layin da ka fara ba. Ka duba, in ya yi maka ka karɓa, in bai yi ba ka ci gaba da rubutunka. Hannunka ne a kan komai. Daga 2025 abin ya sake salo: mataimakin yana buɗe fayiloli da kansa, ya gyara goma a lokaci guda, ya shiga taminal ya ba kwamfuta umarni, ya girka laburare (kod ɗin wasu da ake ɗauko a yi amfani da shi), ya yi komit (wato ya adana canjin a tarihin kod). Duk abin da kai za ka iya yi da asusunka a wannan kwamfuta, shi ma zai iya, kuma ya fi ka sauri nesa ba kusa ba.

Shinge shi ne duk tsarin da ka kafa don kuskurensa ya tsaya a inda za a iya gyarawa. Akwai abin da ka rubuta masa ya bi, akwai izinin da ka ba shi ko ka hana shi, akwai Git (shirin da ke adana tarihin canje-canjen kod) da gwaje-gwaje, akwai kuma idonka kafin a haɗa aikinsa da babban reshe, wato asalin kod ɗin da kowa yake dogaro da shi. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma yawancin ɓarnar da ake ji ta fito ne daga dogaro da mafi rauni a cikinsu.

Ba zai isa ba in rubuta masa "kada ka taɓa kaza"?

Ba zai isa ba. In mutum zai riƙe abu ɗaya daga duk amsoshin nan, to ya riƙe wannan. Umarnin da ka rubuta rubutu ne kawai da ke shiga cikin tarin abin da mataimakin yake karantawa, tare da kod ɗinka, da saƙonnin kuskure, da duk hirar da kuka yi tun safe. Yawanci yana bi. Amma idan hira ta yi tsawo, ko ya maƙale yana neman mafita, sai ya ga wata hanya da ta yi masa kama da daidai ya bi ta, umarninka yana nan a rubuce.

A watan Yuli na 2025 Jason Lemkin, wanda ya kafa kamfanin SaaStr a Amurka, ya ba da labarin abin da ya same shi da mataimakin rubuta kod na kamfanin Replit. Ya gaya masa ƙarara cewa an dakatar da duk wani canji, amma mataimakin ya goge rumbun bayanai na gaske mai ɗauke da bayanan mutum sama da 1,200, sannan ya ce masa ba za a iya dawo da su ba. Daga baya aka ga za a iya, aka kuma dawo da su. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya fito ya ce abin bai kamata ya faru ba, kuma gyaran da suka yi ba ƙara rubuta gargaɗi ba ne: sun raba rumbun gwaji da na gaske ta yadda hannun mataimakin ba zai kai ga na gasken ba.

Ɗan kasuwa a Babbar Kasuwa yana gaya wa sabon yaron shago kada ya taɓa kuɗin ciniki, amma duk da haka makullin akwatin yana aljihunsa. Faɗar tana da amfani, sai dai makullin ne yake tsare kuɗin. Duk dokar da karya ta za ta jawo asarar da ba ta gyaruwa, a mayar da ita izini da aka hana, kamar yadda aka bayyana a amsar da ke kan umarnin taminal da ta rumbun bayanai.

To mene ne amfanin fayil ɗin umarni, kuma me zan rubuta a ciki?

Amfaninsa babba ne, amma a wani fanni daban: yana gaya wa mataimakin abin da ba zai iya sani ba sai an gaya masa. Claude Code yana karanta fayil mai suna `CLAUDE.md`, Copilot yana karanta `.github/copilot-instructions.md`, Cursor yana da nasa a `.cursor/rules`, sannan akwai `AGENTS.md` da mataimaka da yawa suka amince da shi. A ajiye shi cikin ma'ajiyar kod, a yi masa komit kamar kowane fayil, don duk abokan aiki su ci moriyarsa. A rubuta yadda ake kunna manhajar, da umarnin da ake gudanar da gwaji da shi, da inda kowane ɓangare yake zaune.

Abin da ya fi muhimmanci a nan Nijar shi ne abubuwanmu na gida, domin yawancin kod ɗin da mataimakin ya koya daga gare shi an rubuta shi ne don dalar Amurka da yuro. Sefa, wadda lambarta ta duniya XOF ce, ba ta da santim a lissafin yau da kullum. In ba ka faɗa ba, yana iya ninka farashi da 100 wajen ajiya ya raba da 100 wajen nunawa, in kuma a wani wuri ya raba ba tare da ya ninka ba, sai ka ga rasit ya fito da 125 a maimakon 12,500. Ka rubuta masa: kuɗi cikakkiyar lamba ce, babu waƙafi. Harajin TVA kashi 19 ne cikin ɗari, kuma kayan 1,250 harajinsu 237.5 ne, saboda haka sai ka yanke ko sama za a kai ko ƙasa, ka rubuta, in ba haka ba kowane shafi zai yi nasa lissafi. Lambar waya tana farawa da +227, lambobi takwas ne. Agogo `Africa/Niamey` ne, ba ya canzawa rani da damina. Kwanan wata rana ce ke gaba, sai wata, sai shekara. Sunayen mutane da garuruwa suna iya zuwa da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ ko wasulan Faransanci masu alama, don haka komai UTF-8, kuma kada a rubuta tacewar da za ta ƙi su. In manhajar ta ƴan kasuwa ce masu ƙirga da dala, ka bayyana masa cewa dala ɗaya sefa 5 ce, ɗari a bakinsu 500 ce, ka kuma faɗi wanne ake ajiyewa a rumbu.

Kada fayil ɗin ya yi tsawo. Shafi ɗaya da ake bi ya fi goma da ake tsallakewa. Hanyar da ta fi ita ce a fara da kaɗan, duk lokacin da ka ga ya maimaita kuskure iri ɗaya, ka ƙara layi guda.

Ni kaɗai nake aiki. Sai na wahalar da kaina da rassa da komit?

Kai ne ma ka fi bukata, tunda babu wanda zai duba bayanka. Kafin ka ba shi kowane aiki, ka tabbata `git status` ya nuna babu abin da ya rage ba a yi wa komit ba, sannan ka buɗe sabon reshe, wato layin aiki na gefe a cikin Git. Idan ya yi kyau ka haɗa, idan ya rikice ka watsar da reshen, babu abin da ya taɓa babban aikinka. Git yana iya dawo da kusan duk abin da aka taɓa yi wa komit, amma aikin yini guda da ke zaune a kan faifai ba komit, `git reset --hard` ɗaya ya isa ya tafi da shi.

Babban reshe kuma a kulle shi daga can ɓangaren sabar, ta yadda ba a tura masa kai tsaye kuma ba a sake rubuta tarihinsa. GitLab yana ba da wannan kariya kyauta. A GitHub kyauta ce ga ma'ajiyar da ke buɗe ga kowa, ta sirri kuwa sai da asusun biya.

Waɗanne umarnin taminal zan bar shi ya yi da kansa, waɗanne zan hana?

Ma'aunin shi ne tambaya ɗaya: in ya yi wannan bisa kuskure, zan iya mayarwa cikin minti biyar? Karanta fayilolin aikin, gudanar da gwaji, `git diff`, `git log`, gyara tsarin rubutu, duk waɗannan a sake masa, domin in kana tambayarsa izini a kansu ma, za ka gaji ka fara danna amincewa ido rufe. Girka laburare, komit, da duk abin da zai fita intanet, ya tsaya ya tambaya. Na uku su ne waɗanda a hana su gaba ɗaya: `rm -rf`, `git push --force`, `git clean -fd`, `git reset --hard`, duk umarnin ɗora manhaja a sabar ta gaske, da shiga sabar ta `ssh`. Masu aiki da Laravel, tsarin gina manhaja na PHP, su ƙara `php artisan migrate:fresh`, wanda yake zubar da dukkan teburan rumbu ya sake gina su fanko. Masu Django, irinsa na Python, su ƙara `flush`, mai share duk bayanan da ke cikin teburan. Waɗannan biyun suna da haɗari na musamman domin mataimaki yana son su: idan canjin tsarin rumbu ya ƙi tafiya, su ne hanya mafi sauri ta share matsalar.

A Claude Code ana rubuta jerin izini da hani a `.claude/settings.json`. Akwai kuma damar saka ɗan shirin da zai gudana kafin kowane umarni, ya duba shi, in bai yarda ba ya tare shi. Sauran mataimaka suna da makamancin haka a saitinsu. Sai dai a sani cewa jerin hani yana duba siffar umarni ne, kuma abu ɗaya ana iya yin sa ta hanyoyi da yawa: wanda aka hana `rm` yana iya rubuta layi uku na Python da za su goge fayil ɗin. Shi ya sa jerin hani kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa da abin da ke amsa ta gaba.

Na gaji da danna amincewa. In kashe tambayar izinin gaba ɗaya?

Ana iya yi, amma ba a kan kwamfutar da ke ɗauke da makullanka da hotunan iyalinka da ayyukan wasu mutane ba. Masu Claude Code da kansu sun sa wa zaɓin suna `--dangerously-skip-permissions`. In za ka yi, ka saka shi cikin akwatin Docker (keɓaɓɓen wuri a cikin kwamfutarka) ko wata kwamfuta ta gwaji wadda ba ta ganin komai sai foldar aikin, babu makullin gaske, hanyar intanet kuma a taƙaice. A can in ya goge komai, ka sake gina akwatin cikin mintuna.

Yaya zan yi da makullan sirri da fayil ɗin .env?

Duk abin da mataimakin ya karanta, ka ɗauka ya bar kwamfutarka ya tafi sabar kamfanin da ke gudanar da shi. Saboda haka makullin biyan kuɗi ta waya, kalmar sirrin rumbu, makullin aika saƙon SMS, babu wanda ya kamata ya gani. Ka sa `.env`, fayil ɗin da ake ajiye makullan, a cikin `.gitignore` don kada ya shiga komit, ka hana karanta shi a saitin izini, ka ajiye `.env.example` mai sunaye kawai babu ƙima don ya san abin da manhajar take bukata. Amma mafita ta gaskiya ita ce makullin gaske kada ya zauna a kwamfutar da kake rubutu da ita sam. A can sabar yake zama, a nan kuwa na gwaji.

Wata hanyar da sirri yake fita ita ce mataimakin ya kwafe makulli cikin kod don gwaji ya wuce da sauri, a yi komit ba a lura ba. Shiri irin `gitleaks` yana duba kowane komit kafin ya shiga, GitHub ma yana tare wasu nau'o'in makullai a ma'ajiyar da ke buɗe. Idan makulli ya riga ya shiga tarihin Git kuma an tura, goge layin ba ya magani. A soke makullin a karɓi sabo, a ranar.

Mai aikin ya ba ni kwafin rumbun bayanansa na gaske don in gwada. In ba mataimakin?

A'a. Wannan yana faruwa sosai a wajenmu: mai farmasi ko shugaban makaranta mai zaman kanta ya miƙo maka kile USB ya ce ga komai nan, saboda ya yarda da kai. A ciki akwai sunayen mutane, lambobin waya, bashin da ake bin su, wani lokaci har da maganin da suke sha. Ya yarda da kai ne, bai yarda a aika da su wata ƙasa ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sake sabuwa a 2022, akwai kuma hukumar HAPDP mai kula da ita. Ko da babu doka, amana ce.

Ka ba mataimakin tsarin teburan kawai, ka ce ya ƙirƙiro bayanan bogi masu kama da namu, wannan aiki ne da ya iya ƙwarai. Idan dole sai an binciki wata matsala a rumbu na gaske, kai ka gudanar da tambayar da hannunka, ka nuna masa sakamakon bayan ka cire sunaye. In kuma akwai dalilin da zai sa ya haɗu da wani rumbu da kansa, a buɗe masa asusu na musamman mai izinin karatu kaɗai. A PostgreSQL da MySQL wannan aikin layi biyu ne ko uku da `GRANT SELECT`. Asusun da ba shi da ikon gogewa ba zai goge ba, ko me aka gaya masa.

Ya ce duk gwaje-gwaje sun wuce. Shi ke nan?

Ka gudanar da su da kanka, sannan ka duba ko ya taɓa fayilolin gwajin. Ga yadda abin yake kasancewa. A ce kana da gwajin da ya ce rasit na kwali biyar a kan 2,500 dole ya ba da 12,500. Mataimakin ya yi wani gyara, lissafi ya koma 125, gwaji ya faɗi. Ka ce masa "gyara, gwajin ya wuce". Akwai hanya biyu a gabansa: ya koma ya nemo inda ya raba da 100, ko ya buɗe fayil ɗin gwaji ya mayar da 12,500 ta zama 125. Duka biyun suna kawo launin kore a allo. Wani lokaci kuma sai ya sa wa gwajin alamar tsallakewa, ko ya lulluɓe kuskuren da `try` ya haɗiye shi shiru. Ba mugunta ba ce, abin da ka nema ne ya ba ka ta hanya mafi kusa.

Saboda haka gwaje-gwajen da suka shafi kuɗi, izinin shiga, da gogewa, kai ka rubuta su, ko aƙalla kai ka zaɓi lambobin da ake sa rai da hannunka, da alƙalami in ta kama. Ka yi musu komit kafin ya fara aiki. Ka sauya yadda kake ba da umarni: maimakon "sa gwajin ya wuce", ka ce "nemo dalilin faɗuwar, kada ka canza fayilolin gwaji, in kana ganin gwajin ne ba daidai ba ka tsaya ka gaya mini". Sannan, tunda mun san rubutu bai isa ba, ka hana shi gyara foldar gwajin a saitin izini yayin wannan aikin.

Mataki na ƙarshe shi ne gwajin ya gudana a wurin da ba ya iya taɓawa. GitHub Actions yana ba asusun kyauta minti 2,000 a wata ga ma'ajiyar sirri, wanda ya ishi ƙaramin aiki, GitLab ma yana da nasa. Binciken da ake yi kafin komit a kan kwamfutarka ana tsallake shi da `--no-verify`, kuma mataimaki ya san wannan. Na sabar ba ya tsallakuwa.

Yana yawan girka laburare da ban sani ba. Akwai matsala?

Akwai. Mataimaki yakan ƙirƙiri sunan laburaren da babu shi, suna mai kama da gaske. A 2024 wani mai binciken tsaro, Bar Lanyado, ya ba da rahoton cewa ya lura mataimaka suna yawan ba mutane shawarar girka wani mai suna `huggingface-cli` wanda ba ya nan a PyPI, ma'ajiyar laburaren Python. Sai ya ɗora laburare fanko da wannan suna don ya gani, cikin wata uku aka sauke shi sama da sau 30,000. Nasa babu cuta a ciki, amma ɓarawo ma yana iya yin rajistar irin wannan suna ya zuba abin da ya ga dama.

Duk sabon laburare ya zama sai da izininka. Ka buɗe shafinsa a npm, PyPI ko Packagist ka ga yaushe aka fara shi, wa yake kula da shi, mutum nawa ke amfani da shi. Ka yi wa `package-lock.json` ko `composer.lock` komit, ka duba su in sun canza. Sau da yawa ma in ka tambaye shi ko za a iya yi ba tare da sabon laburare ba, sai ka ga layi ashirin sun wadatar.

Wai wani daga waje zai iya ba mataimakina umarni?

Zai iya, in mataimakin yana karanta abin da wasu suka rubuta: shafin intanet, bayanin wani laburare, rahoton matsala da baƙo ya shigar, ko fayil da aka turo maka. Ba ya rarrabe umarninka da rubutun da ya tsinta rarrabewa tabbatacciya, don haka ana iya ɓoye masa layi mai cewa ya karanta makullai ya aika wani adireshi. Simon Willison, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Django, ya daɗe yana jan hankali a kan wannan tun 2022. A 2025 ya taƙaita haɗarin a haɗuwar abu uku: mataimakin yana ganin bayanan sirri, yana karanta rubutun da ba a amince da shi ba, kuma yana da hanyar aika abu waje. Cire ɗaya daga cikin ukun yana toshe hanyar satar. Mafi sauƙin cirewa shi ne na farko, kuma amsar da ke kan makullai da ta rumbun bayanai sun riga sun nuna yadda ake yi.

Ya canza fayil talatin. Ta yaya zan duba duk wannan?

Ba za ka iya ba, kuma matsalar ta fara ne tun wajen ba da aikin. "Gina mini sashen biyan kuɗin makaranta" aikin mako ne, sai a yanka shi: yau teburin biya, sannan lissafin ragowar bashi, sannan rasit. Kafin ya rubuta komai, ka ce ya faɗi shirinsa da fayilolin da zai taɓa. Gyara shiri mai layi goma ya fi sauƙi a kan warware kod mai layi dubu.

Wajen dubawa, fara da `git diff --stat` ka ga sunayen fayilolin. Fayil ɗin da ba shi da alaƙa da abin da ka nema shi ne farkon abin tambaya. Sai ka duba layukan da aka goge kafin waɗanda aka ƙara, domin a nan binciken izini yakan ɓace ba a sani ba. `git add -p` yana nuna maka canji gutsure-gutsure ka karɓa ko ka ƙi. Layin da ba za ka iya bayyana wa abokin aikinka ba, kada ka haɗa shi. Ka tambayi mataimakin ya yi maka bayani, in bayanin bai gamsar da kai ba a sake rubutawa. Sa wani mataimaki ya duba aikin na farko yana kama wasu kurakurai, amma bai san cewa makarantar tana karɓar kuɗi kashi uku a shekara ba, kai ka sani.

Kuran yana ɗaukewa, intanet tana yankewa, forfe yana ƙarewa. Wannan ya shafi shinge?

Ya shafa, musamman a watannin zafi na Afrilu da Mayu. Idan haɗi ya yanke mataimakin yana tsakiyar gyara fayil shida, za ka iya samun uku sun canza uku ba su canza ba. Wanda ya fara daga reshe mai tsabta, `git status` zai nuna masa inda aka tsaya. Kada ka ce masa "ci gaba" kawai, ka sa ya fara karanta halin da fayilolin suke ciki. Canjin tsarin rumbu kuwa kada a bar shi a hannunsa a sabar nesa ta haɗin da ba shi da tabbas.

Ta fannin kuɗi, mataimakin da ya maƙale yana iya ta zagaye, ya gwada ya faɗi ya sake, kowane zagaye ana cajin ka da dalar Amurka. In kana biya gwargwadon amfani, ka sa iyakar kashewa ta wata a asusunka tun ranar farko. In ya gwada abu sau uku bai yi ba, ka tsayar da shi, ka buɗe sabuwar hira da bayani mafi kyau.

Muna da ɗalibai masu koyon aiki a ofis. Mu hana su amfani da shi?

Hani ba ya aiki, za su yi a wayarsu su kwafo, kuma a nan ne bayanan mai aiki suka fi fita. Gara a ba su tsarin da kowa yake bi: saitin izini ɗaya a cikin ma'ajiya, babu makullin gaske a kwamfutarsu, babu haɗawa da babban reshe sai wani ya duba. Wajen dubawar a zauna tare, babba ya nuna layi ya ce "ƙanena, me wannan yake yi?" In ya iya amsawa ya koya, ko da mataimaki ne ya rubuta. In bai iya ba, a koma. Sunan da ke kan komit shi ne mai alhakin abin da ke ciki, kuma wannan ya hau kan maigidan ofis kamar yadda ya hau kan ɗalibi. Ranar da lissafin mai farmasi ya ɓaci, ba zai karɓi "na'ura ce ta rubuta" a matsayin amsa ba.

Ya riga ya yi ɓarna. Me zan fara yi?

Ka tsayar da shi, kada ka ce ya gyara. Mataimakin da ya ruɗe yana iya ƙara lalata abin da da za a ceto, kuma abin da zai gaya maka game da abin da ya faru ba hujja ba ce, kamar yadda labarin Replit ya nuna. Ka kwafe foldar gaba ɗaya zuwa wani wuri yadda take, sannan ka karanta jerin umarnin da ya gudanar da idonka.

In komit ne suka ɓace, `git reflog` yana nuna duk inda reshenka ya taɓa tsayawa, kuma Git yakan riƙe irin waɗannan aƙalla kwana 30 kafin ya share. In fayil ne da ba a yi wa komit ba, duba tarihin gida na editanka, VS Code da PhpStorm duka suna ajiye shi. In mummunan canji ya riga ya shiga babban reshe, yi amfani da `git revert`, wanda yake warwarewa ba tare da goge tarihi ba. In makulli ne ya fita, a soke shi kamar yadda aka faɗa a amsar makullai. In kuwa rumbun bayanai ne, sai ajiyar da ka yi a baya, kuma ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba ba a san ko tana aiki ba, don haka a riƙa gwadawa a rumbun gwaji lokaci-lokaci. Idan bayanan mutane abin ya taɓa, ka kira mai aikin ka gaya masa a ranar. Bayan komai ya lafa, ka nemo umarnin da ya jawo ɓarnar, ka saka shi a jerin hani ko ka cire izinin da ya ba shi dama, kafin ka sake buɗe mataimakin.